Yawan Ƙidaya da Sanin Dalili

A cikin shekarar 2013 waɗansu masana biyu, Viktor Mayer-Schönberger na Jami'ar Oksford da Kenneth Cukier na mujallar The Economist, suka buga wani littafi da Turanci mai suna Big Data, watau tarin bayanai masu yawan da ba a iya lissafa su sai da kwamfuta. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai wajen attajirai da shugabannin kamfanoni. Abin da ya ke koyarwa shi ne, kowane ciniki da a ke yi a yau yana barin sawu a cikin na'ura, in kuwa aka tara sawun nan duka aka auna, ya isa a gane abubuwan da su ke tafiya tare, ba sai an wahala da neman dalili ba. A taƙaice dai, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Akwai gaskiya a cikin maganar. Marubutan sun kawo labarin kantunan Walmart na Amurka, waɗanda suka bincika lissafin cinikinsu suka tarar in guguwa ta kusa, mutane su kan sayi wani irin biskit mai zaƙi fiye da kullum. Sai suka riƙa jera shi a bakin ƙofa, suka ci riba. A nan ba wanda ya ke bukatar dalili, gama ko lissafin ya kuskure, hasarar ba ta wuce 'yan kwalayen biskit ba.

Amma fa labarin da aka buɗe littafin da shi, shi ne ya fara ba da su. A shekarar 2008 kamfanin Google ya fito da wata dabara ta gane yaɗuwar mura mai zazzaɓi a Amurka. Rahoton hukumar lafiya ya kan makara da mako ɗaya ko biyu, sai Google ya gwada kalmomi miliyan 50 da mutane su ka fi nema a intanet, ya zaɓi 45 da su ke hawa da sauka tare da cutar. Marubutan sun yaba wannan aiki matuƙa. A watan Fabrairu na 2013, ana gab da fitar da littafin, mujallar Nature ta bayyana cewa dabarar ta kusa ninka yawan masu ciwon. A 2014 waɗansu masana suka nuna ta zarce gaskiya a makonni 100 daga cikin 108. A 2015 aka daina buga lissafin.

Me ya faru? Na'ura ba ta san mura ba, kalmomi kaɗai ta ke ƙirgawa. Da jaridu suka cika mutane da tsoro, masu lafiya ma suka shiga neman labarin cutar, ita kuwa ta lissafa su cikin majinyata. Tun farko ma an tarar waɗansu kalmomin, kamar na wasan ƙwallon kwando na 'yan makaranta, ba abin da ya haɗa su da mura sai zuwansu tare da lokacin sanyi. Wanda ya san yadda a ke ƙidayar jangali a zamanin En'e ba zai yi mamaki ba. Littafin malami ya kan cika da lambobi, tsaf, alhali rabin garken yana bayan dutse.

Don kada a zalunce su, marubutan sun yi gargaɗi a kan bautar lambobi, har sun kawo misalin Robert McNamara, wanda ya riƙa auna nasarar yaƙin Biyetnam da yawan gawawwaki. Sai dai gargaɗin yana can wajen ƙarshen littafi, yabon kuwa yana shafin farko, kuma ɗan kasuwa mai gaggawa ba kullum ya ke kaiwa ƙarshe ba.

Ga abin da ya sami masu irin wannan ra'ayi sa'ad da abin ya kai ga dukiya mai nauyi. Kamfanin Zillow yana da bayanan miliyoyin gidaje a Amurka, yana kuma da na'urar da ta ke ƙiyasta kuɗinsu. A 2018 ya fara sayen gidaje da kansa, yana dogara ga ƙiyasin, don ya gyara ya sayar. To, mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. In na'ura ta taya gida ƙasa da darajarsa, mai shi ya ƙi. In ta taya sama, sai ya ce ya sallama tun ba ta rufe baki ba. Da haka kuskuren da ya ke cutar kamfani shi ne ya fi zama ciniki. Littafin ya ce yawa ya kan shanye ƙananan kurakurai, amma wannan sai in suna faɗuwa dama da hagu daidai, su kuwa waɗannan gefe guda su ke faɗuwa.

A watan Nuwamba na 2021 Zillow ya ba da sanarwar barin wannan ciniki, dubban gidaje suna hannunsa, da yawansu ya saya fiye da abin da za su fita. Shugabansa, Rich Barton, ya amsa cewa hasashen kuɗin gida ya fi yadda su ka zata wuya. Aka sallami kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata, wajen mutum 2,000, hasarar sashen kuwa a shekarar ta haura dala miliyan 800.