Jinjina ga Ma'abota Kiɗan Jaz na Ƙasar Folan

Haƙiƙa ya wajaba ga duk mai adalci ya yaba wa makaɗan jaz na ƙasar Folan, waɗanda, a zamanin da hukumar kwaminis ta ƙyamaci wannan kiɗa saboda asalinsa na Amurka ne, suka riƙa taruwa a gidajen junansu a asirce, suna nazarinsa da haƙuri da juriya, har sassauci ya zo aka yi bikinsa a garin Sopot a shekarar 1956.

Jagabansu shi ne Krzysztof Komeda, likitan da ya koma ga fiyano, wanda a watan Disamba na 1965 ya tara almajiransa da abokansa a birnin Warsaw, cikinsu har da Tomasz Stańko mai busa ƙaho da Zbigniew Namysłowski mai saksafon, suka naɗi faifan Astigmatic, na biyar a jerin Polish Jazz na kamfanin Polskie Nagrania. Waƙoƙi uku ne kacal a cikinsa, amma kowace doguwa ce, domin bayan ɗan gajeren jigo sai kowane makaɗi ya ƙirƙiro nasa nan take, yana sauraron ɗan'uwansa da ladabi irin na majalisin malamai, ƙahon Stańko yana tashi da kaushin murya, fiyano yana amsa masa sannu a hankali.

Komeda ya rasu a 1969, amma Stańko bai manta alherin malaminsa ba, ya raya waƙoƙinsa a faifan Litania a 1997. Madalla da su, madalla kuma da masu naɗar sauti da suka kiyaye wannan amana domin na baya.