Layar Wuyan Jariri a Ƙauyukan Jazira

Duk wanda ya zaga ƙauyukan Hausawa na Jazira a ƙasar Sudan, tun daga Kamlin da ke gaɓar Nilul Azraƙ har zuwa Mai Wurno kusa da Sinnar, inda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, da wuya ya rasa ganin jariri da 'yar laya a wuya ko a damtse, wadda uwa ta nemo don tsoron kambun baka, da maita, da firgitar da kan tashi yaro cikin dare yana kuka ba dalili. Larabawan ƙasar na ce mata hijabi, mai rubuta ta kuwa faki, kuma sun daɗe da sakankancewa cewa alƙalamin malamin Takari ya fi kaifi, har rubutu ya zama abincin malamai da yawa a gefen noman auduga.

Wannan fargaba ta iyaye ba ta san ƙabila ba. Mutanen Anishinabe na Amurka ta Arewa sukan lanƙwasa ɗanyen reshe ya zama kewaye, su saƙa masa zare kamar yanar gizo, su rataya a makwancin jariri domin sharri ya maƙale a saƙar, kamar yadda mai binciken al'adu Frances Densmore ta rubuta a 1929. Sai dai nasu a buɗe yake, kowa na ganin saƙarsa, alhali tamu sirrinta na cikin rufinta: takarda ce aka rubuta wa Ayatul Kursiyyu, ko Falaƙi da Nasi, ko wani hatimi, aka naɗe da zare, baduku ya ɗinke cikin jar fata, ba a kuma sake buɗe ta har ta ɓace ko yaro ya girma.

Malamai sun yi saɓani a kanta tun zamanin Sahabbai. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ƙi rataye-rataye baki ɗaya. Amma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yakan koya wa manyan 'ya'yansa addu'ar firgitar barci, ƙananan da ba su kai hardacewa ba kuwa ya rubuta ya rataya musu, kuma mai Risala, wadda kowane almajirin Malikiyya ya karanta, bai ga laifi ba ga layar da Alƙur'ani ke ciki. A ganina wannan riwaya ita ce ke bayyana hikimar al'adar, domin laya tana tsaya wa wanda harshensa bai nuna ba, wa'adinta kuma yana cika ranar da yaro ya iya neman tsari da bakinsa. Ƙaton da ya tara guraye a ƙugu alhali bai iya Falaƙi ba, ya wuce inda magabata suka tsaya.

Aibin kuwa daga rufin nan yake shigowa, tunda uwar da ba ta yi karatu ba ba ta da hanyar sanin ko aya aka rubuta, ko sunayen aljanu, ko zanen banza na wani mayaudari mai neman kuɗin cefane. Saboda haka wanda zai karɓi laya, ya sa malamin ya karanta masa abin da ke ciki kafin a kai wa baduku.