Yadda Colfer Ya Ƙera Kwado Ya Ɓoye Mabuɗinsa

Wanda ya taɓa zama kusa da mai gyaran kwado ya ga yadda yake lallaɓa haƙoran ciki ɗaya bayan ɗaya, sai kowanne ya zauna a gurbinsa sannan a ji ƙas. Irin wannan haƙurin na tarar a aikin Eoin Colfer, tsohon malamin firamare ɗan garin Wexford na ƙasar Ayilan, cikin littafinsa Artemis Fowl da ya fito a 2001. Labari ne na yara masu tasowa, a kan wani ɗan shekara 12 mai suna Artemis da ya ƙudurta raba aljanun ƙarƙashin ƙasa da tan guda na zinariya.

Kwadon ne marubucin ya fara ƙerawa. Aljanun nan suna da sihiri, ga na'urorin da suka fi na bil'adama, to ta ina yaro zai ci su? Sai Colfer ya ɗaure su da dokoki. Aljani ba ya shiga gidan ɗan Adam sai da izini. In ya kutsa kai, ciwo ya kama shi, sihirinsa ya gudu. Sihirin kuma ƙarewa yake kamar cajin waya. Mai son sabunta nasa sai ya je gindin tsohuwar bishiyar ok a kwanar kogi, daren da wata ya cika, ya ɗauki ƙwallonta ya binne a wani wuri mai nisa. Dokokin nan su ne haƙoran kwadon, kuma an baje wa mai karatu su tun da wuri.

Daga nan sai tattara bayanai. Artemis ya je birnin Ho Chi Minh na Biyetnam, ya sami wata aljana da barasa ta lalata, suka yi ciniki: zai warkar da ita, ita kuma ta ara masa littafin dokokinsu na minti 30. Dogarinsa Butler ya ɗauki hoton kowane shafi. Da suka koma gida, yaron ya zauna gaban kwamfuta yana gwama haruffan aljanu da rubutun Misirawan dauri har ya fasa ƙwai. Marubucin ma ya jera irin haruffan a gindin shafuka, don yaro mai naci ya warware da kansa. Duk abin da Artemis ya yi bayan nan daga karatun nan ya fito. Ya san dole aljani ya zo gindin bishiya, sai ya yi kwanton ɓauna dare bayan dare. Ya san suna juya hankalin mutum ta ido, sai ya tanadi tabarau mai madubi. Haka Kyaftin Holly Short, jami'ar 'yan sandan aljanu, ta faɗa hannunsa, ya nemi zinariyar a matsayin kuɗin fansarta.

Sai agogo, domin labarin sata ba ya tafiya in babu wa'adi. Aljanu suka kewaye gidan su Artemis suka tsayar da lokaci na awa 8, kuma in wa'adin ya cika za su saki bam mai kashe duk mai rai ya bar gini a tsaye. Kowane babi daga nan yana cin wani abu daga awannin. Suka turo Mulch Diggums, wadan da ya daɗe da rasa sihirinsa saboda fasa gidaje, don haka dokar izini ba ta da abin da za ta ƙwace masa. Dubi yadda doka guda ta hana runduna shiga, ta kuma buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne dabarar da za a iya kira shuka da girbi: a ajiye ƙaramin abu a gaban mai karatu, a ɗauke hankalinsa, sai can gaba abin ya yi aiki. An kulle Holly a ɗakin da aka malale da kankare don kada ta taɓa ƙasa. Ashe ƙwallon da ta tsinta daren da aka kama ta ya faɗa cikin takalminta. Ta riƙa ɗaga gado tana maka shi da daɓe, mai karatu yana zaton fushi ne, har kankaren ya tsage, ta cusa ƙwallon cikin ƙasa, sihiri ya dawo.

Malalacin marubuci, in jaruminsa ya shiga tsaka mai wuya, sai ya zaro masa sabuwar laya a babin ƙarshe. Colfer bai yi wa kansa wannan rangwame ba. Tun farko ya nuna mana mahaifiyar Artemis kwance a ɗakin sama, hankalinta ya gushe tun ɓacewar mijinta, ana ba ta maganin barci. Mun ɗauka tausayi kawai ake nema mana. Yaron kuwa ya lura cewa da barcin magani ya ɗauke ta, sai ta fice daga lokacin da aka tsayar. Shi ne ya zuba maganin a abin sha, shi da Butler da Juliet ƙanwar Butler suka kwankwaɗa, bam ya tashi bai tarar da kowa ba.

Mu da kalmar kuɗin fansa ke yi wa ɗaci a baki za mu tambaya ko littafin yara ya dace ya bar mai garkuwa ya ci riba. Colfer ya amsa da ƙwayar da ya riga ya shuka. Kafin Holly ta tafi, Artemis ya mayar da rabin zinariyar don ta warkar masa da uwa. Matar da ta zame masa mabuɗin tsira ita ce kuma ta fallasa abin da ya fi so, kuma tana nan kwance a gabanmu tun shafukan farko.