Cinikin Biri a Sama: Kwalin Kayan Wasa na Wata-wata da Dilar Gwanjo ta Television

A shekarar 2012 wasu mutum biyu a Los Angeles, Chris Davis da Matthew Arevalo, suka kafa kamfanin Loot Crate a kan dabara mai sauƙin faɗi. Mutum zai riƙa biyan kusan dala 20 duk wata, su kuma su aiko masa da kwali har ƙofar gida, ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Abin da aka yi masa alkawari shi ne kayan za su fito daga duniyar da yake ƙauna: fina-finan Star Wars, jaruman Marvel da DC, wasannin kwamfuta, da zane mai motsi na Japan. In ya yage kwalin sai ya tarar da riga, ɗan mutum-mutumin roba, ƙaramin littafin zane, da bajon maƙalawa a ƙirji. Kowane wata da jigonsa.

Kafin a ce kwabo abin ya kama kamar wutar daji. A 2016 mujallar Inc. ta sa Loot Crate a sahun farko na kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa a Amurka, masu biya kuma sun haura dubu 600. Talla ba ta ci musu kuɗi sosai ba, don masu saye da kansu ke kunna kyamara su buɗe kwalin a YouTube, suna ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya suna ihun murna.

Bahaushe zai kira wannan cinikin biri a sama, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai wanda ya san kasuwar Television, a kudancin kogin Kaduna, ya san cewa irin wannan ciniki ba baƙo ba ne a nan. Unguwar tana tsakanin Kakuri da Barnawa da hanyar Sabon Tasha, ga tashar motar da ake lodin fasinjojin kudu da gabas, ga 'yan gwanjo da suka baje kaya a bakin hanya. Duk mai sayar da gwanjo da dila yake farawa, dila kuwa a ɗaure take zuwa, an matse ta da inji, an naɗe da leda ko buhu, an ɗaure da tsinken ƙarfe ko roba. Ba a buɗewa kafin a biya. Takardar da ke jiki za ta ce kayan yara ne, ko takalma, ko kayan wasa, iyakar bayanin ke nan.

Dilar kayan wasa ita ce ta fi kama da kwalin Loot Crate, kuma ranar buɗe ta abin kallo ce. Mai kaya ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ta yanke ɗaurin, sai kaya su zubo: 'yan tsana masu gashin zinariya da ya cukurkuɗe, beyar auduga mai ido ɗaya, Spider-Man da hannunsa ya ɓalle, motocin ƙarfe ƙanana da fentinsu ya koɗe, guntayen Lego a ƙasan buhu, da tarin ƙananan robobin da gidajen abinci na Turai ke sa wa yara a cikin abinci. Nan take hannunta ke rarrabewa. Masu kyau gefe guda, su ne zaɓin farko, a kansu za ta fitar da uwar kuɗinta. Masu tabo a wanke, a ɗinke, a sa batir a gwada. Ragowar a tara wuri ɗaya a yi musu kuɗi ɗaya, kowa ya ɗauka. In dila ta yi kyau an ci riba, in ta yi ruwa sai haƙuri, babu wanda za a kai wa ƙara.

Bambancin da ke tsakanin cinikin biyu shi ne ainihin maganar. A Television, 'yar kasuwa ce ke ɗaukar kasadar, kuma don neman abinci take yi. Yaron da ya tsuguna gaban shimfiɗarta a watan Disamba, ko ana jibi Sallah, yana ganin abin da zai saya. Zai juya shi, ya ja ƙafarsa, ya ajiye, ya ɗauki wani, uwarsa ta yi ciniki. A tsarin kwalin wata-wata kuwa an juya abin: kamfani ya kwashe kuɗinsa tun kafin ya aika komai, mai saye ne ke ɗauke da kasadar, kuma an raba shi da abu ɗaya da ke sa tara kaya ya zama gwaninta, wato zaɓi. Mai tara kaya na gaskiya ya san abin da ya rage masa, yana iya shekara yana nemansa. Wanda ake aiko wa kwali wani ne a ofis ya zaɓa masa, ya kuma zaɓa wa mutum dubu ɗaruruwa irin abu ɗaya a rana ɗaya. Abin da kowa ke da shi ba ya tsada, ba ya kuma da labarin yadda aka samo shi.

Wannan rauni ya fito fili da wuri. Bayan wata goma sha biyu mutum ya tara riguna goma sha biyu da robobin da rabinsu ba na jaruman da yake so ba ne, ɗoki ya ragu, ya soke biya. Kamfanin Nerd Block na Kanada ya durƙushe a 2017. Loot Crate kansa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Agustan 2019, alhali akwai kwalayen miliyoyin daloli da mutane suka biya ba a aika musu ba. Ko Funko, mai ƙera 'yan robobin nan masu ƙaton kai da ake kira Pop, waɗanda kusan su ne jigon irin waɗannan kwalaye, ya sanar a 2023 cewa zai zubar da kayan da suka kai dala miliyan 30 ko fiye, saboda kuɗin ajiyarsu ya fi abin da za su kawo.

Amma sha'awar buɗe abin da ba a sani ba ba ta mutu ba, sauya gida ta yi. Japanawa sun daɗe da jakar sa'a ta sabuwar shekara, da injinan da ake jefa wa kuɗi su fito da ƙwallon roba mai abin wasa a ciki. Kamfanin Pop Mart na Sin, wanda Wang Ning ya kafa a 2010, ya gina arzikinsa a kan ƙananan kwalaye rufaffu, kuma 'yar tsanarsa Labubu ta rikita kasuwannin duniya a 2025. Hukumomin Sin sun ga inda abin ya nufa tun 2023, suka hana sayar wa yaran da ba su kai shekara 8 ba irin waɗannan kwalaye. Sun yi daidai. Yaron da aka koya wa cewa daɗin yana cikin yage kwali, ba cikin wasan ba, an ɗora shi a kan hanyar caca.

To me ya hana tsarin kwalin wata-wata kafuwa a Kaduna? Ba rashin masoya ba ne. Waɗanda suka taso da kallon Voltron a NTA yanzu iyaye ne, ƙannensu sun karanta Supa Strikas, 'ya'yansu kuma sun haddace sunayen mutanen Naruto. A Kadunan nan ne matasan Critics Company suka riƙa haɗa fina-finan ƙagaggen kimiyya da wayar hannu har duniya ta san da su a 2019, kuma J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin fina-finan Star Wars biyu, ya aiko musu da kayan aiki. Matsalar lissafi ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta haura 1,500 a 2024, wato kwalin dala 20 ya zama naira 30,000 kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. A yankin da masaƙun Kakuri suka daɗe da rufewa, ba magidancin da zai yi wannan.

Biyan wata-wata kuwa mutanen Television ba sa buƙatar a koya musu. Adashe suke yi, har da adashen kayan abinci da mata ke zubawa tun daga Janairu don a raba shinkafa da mai da magi a ƙarshen shekara. Sai dai mai zubi ta san ranar ɗaukarta, ta san abin da za ta ɗauka, ta kuma san ƙofar gidan uwar adashe. Waɗannan ukun ne masu biyan Loot Crate suka rasa a 2019.

Akwai kuma tambayar abin da za a sa a kwalin. Kusan duk abin da ke fitowa daga dila jarumin wasu ne. Taofick Okoya ya fara 'yan tsanar Queens of Africa a Legas a 2007, cikinsu har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. Comic Republic na Jide Martin yana fitar da jaruman zane na Najeriya tun 2013, an kuma nuna zane mai motsi Iwájú na Kugali da Disney a 2024. Duk da haka da wuya a ga robar ɗaya daga cikin waɗannan jarumai a shimfiɗar 'yan kasuwar Kaduna, don ƙera roba da yawa na buƙatar jarin da masu zanen ba su da shi. Sarauniya Amina ta Zazzau tana da fim, tana da mutum-mutumi, amma ba ta da 'yar roba mai doki da takobi da yaro zai saya da kuɗin barka da Sallah. Motar langa-langa da motar kara, waɗanda yara ke ƙerawa da hannunsu daga gwangwanin madara da kara da tsohon silifa, su ma suna ja da baya a gaban robar Sin mai arha.

Duk wanda zai gwada wannan sana'a a kudancin garin Kaduna zai yi gogayya ne da matar da ke buɗe dila a bakin tasha, wadda ke barin yaro ya taɓa kaya kafin uwarsa ta biya, kuma take rage kuɗi in ƙafar Batman ta karye.