Washegarin Biki

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ƙorafi ne, kuma da gidanmu zan fara don kada a ce laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wasu.

Bara muka aurar da 'yar yayata. Kwana huɗu ana shagali: kamu, sa lalle, yini, sannan walima. Kowa ya ce biki ya yi biki. Amma da gari ya waye bayan an kai amarya na leƙa tsakar gida, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ledar fiya-wata ko'ina kamar shimfiɗa, robobin tekawe jibge a bakin rariya, wasu da shinkafa da kaza a ciki ko taɓawa ba a yi ba, sun kwana sun yi tsami. Yara suka kwashe a buhuna suka juye a kwatar bayan layi. Sati biyu tsakani aka tafka ruwa, kwata ta toshe, ruwa ya dawo ɗakin wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ya jiƙa mata katifa da ɗan garin da take tattali. Ita kuwa ko loma ɗaya ta abincin bikin ba ta gani ba. Har yau in mun haɗu sai na sunkuyar da kai.

Ke 'yar uwa, yi lissafi da kanki. A ce mata 300 suka zo miki yini, kowacce ta sha ruwa leda biyu, ta karɓi roba ɗaya da cokalinta, da ledar zuba kayan rabo. Abu 1,500 ke nan a yini guda, kuma duk kuɗi kika sa kika saya don a yar. Leda ba ganye ba ce balle ta ruɓe. In ta shiga kwata ta tare ruwa, sauro ya samu gida. In akuya ta haɗiya ta tsaya mata a tumbi, ta yi ta ramewa, tambayi mahauta ki sha labari. In kuma kin ƙona, ke da 'ya'yanki za ku shaƙi hayaƙin.

Iyayenmu fa sun yi biki, kuma sun ciyar da jama'a. A langa da akushi ake zubawa, mata biyar su kewaye tire ɗaya. Ruwa a randa, ga moɗa. Kwanuka aro ake yi gida-gida, kowa da alamarta a gindin nata, a wanke a mayar. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, saura a shanya ya zama ƙanzo. Ban ce mu koma zamanin da ba, amma abin da ya tafi tare da langa ba ƙaramin hankali ba ne.

Mu marubuta ma da namu laifin. Sau nawa muka cika shafi biyar da bayanin dina, abinci kala goma, kowa ya tafi da jaka shaƙe da kaya? Ban taɓa karanta littafin da ya faɗi wanda ya share wurin ba, har da nawa. Budurwa ta karanta, ta sa a ranta in ba haka aka yi mata ba ba a yi mata gata ba. Mu muka koya mata.

Wasu wuraren hukuma ce ta tsawata. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farar robar tekawe ɗin nan mai kama da soso a watan Janairun 2024. To mu sai mun jira doka? Ai uwar biki ita ce hukuma a gidanta.

Ga abin da na gani, in Allah ya kawo miki hidima. Ki san adadin waɗanda kika gayyata kafin ki auna shinkafa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kwana huɗu a mayar da shi biyu, aure ba zai ƙi ɗauruwa ba. Ki yi hayar faranti da kofuna, ko ku 'yan adashi ku haɗa kuɗi ku sayi naku, duk mai sha'ani ta ɗauka. Zoɓo da kunun aya a zuba a manyan kuloli, a sa 'yan mata biyu kan wanke-wanke da ruwan omo. Tun kafin ranar ki ware wadda za ta raba ragowar abinci da zafinsa, a kai wa maƙwabta, makarantar allo da masu jinya a asibiti. A ajiye buhu daban na gorunan roba, masu zoɓo da 'yan jari-bola suna so. Kayan rabo kuma, maimakon robar da aka manna wa hoton amarya ta fashe a sati, ki ba da sabulu, faifai ko mafici.

Da na kawo wa yayata wannan magana, cewa ta yi, "Haba ƙanwata, so kike dangin miji su ce mun yi rowa?" Na ce, "Yaya, mai rowa ita ce wadda baƙonta ya tashi da yunwa. Mu namu baƙin sun ƙoshi har sun zubar, maƙwabciyarmu ce ta kwana a jiƙe." Ta yi shiru. Gori kam za a yi, ko me kika yi sai an yi, amma kwana biyu ne ya wuce. Alhakin maƙwabci shi ne ba ya wucewa, kuma addininmu ma ya hane mu da almubazzaranci.

Sunan jikar Yaya yana tafe in Allah ya sauki amaryarmu lafiya, kuma tuni ta ce ni ce mai kula da kwanuka. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, amin.