Doyar Ezeulu

Marubuta da yawa idan za su ba da labarin mulki sai sun tara dawaki da bindigogi. Chinua Achebe da doya ya yi nasa. A littafinsa Arrow of God, wanda ya fito a 1964, ya kai mu Umuaro, ƙauyuka shida na ƙasar Ibo a shekarun 1920, inda Ezeulu yake babban mai hidimar Ulu, abin bautar garin. Aikinsa kamar ba wani abu ba: duk tsayuwar wata ya gasa ɗaya daga cikin keɓaɓɓun doyar da ke ajiye a wurinsa ya ci. Sai saura ɗaya zai sanar da ranar bikin sabuwar doya, kuma kafin bikin ba mai taɓa amfanin gonarsa.

Tun a babin farko Achebe ya dasa ƙaya. Ya bar Ezeulu yana tambayar kansa ko wannan iko na gaske ne, tunda shi faɗar ranar kawai yake yi, ba shi ke zaɓenta ba. To, in ya ƙi faɗa fa? Mai karatu zai wuce wurin ya manta. Marubucin bai manta ba.

Turawa suna neman sarakunan da za su yi mulki ta hannunsu, irin tsarin da ya zauna musu a masarautun Arewa, suka so ƙaƙaba shi ga mutanen da ba su saba da sarki ba. Kyaftin Winterbottom ya zaɓi Ezeulu, don ya taɓa ba da shaidar gaskiya a rikicin fili tsakanin Umuaro da garin Okperi, ko da yake shaidar ta kayar da mutanensa. Ezeulu ya ƙi sarautar, aka tsare shi kwana 32. Wata biyu suka tsaya bai ci doya ba.

Nan gwanintar take. Da ya dawo, lokacin girbi ya yi, doya uku ne a ajiye. Dattawa suka zo suka roƙe shi ya cinye su, alhakin a wuyansu. Ya ƙi. A bisa ƙa'ida yana da gaskiya, amana ce aka ba shi. Amma mun riga mun shiga zuciyarsa a gidan tsaro, mun ga yadda yake ƙullace da abokan hamayyarsa su Nwaka da duk waɗanda suka bar shi ya tafi wurin Bature ba tare da goyon bayansu ba. Ulu yake yi wa biyayya, ko fansa yake ɗauka? Shi kansa ya yarda cewa kibiya ce shi a bakan ubangijinsa, kuma Achebe bai taɓa ɗaga murya ya ƙaryata shi ba. Ƙaramin marubuci da ya yi wa'azi a nan, ko ya mai da shi azzalumi mu huta. Achebe kuwa ya bar aikin da son zuciyar a cakuɗe, har mai aikata su ba ya iya raba su.

Doya ta fara lalacewa a ƙasa, yunwa ta shigo. Goodcountry, malamin coci, ya ce kowa ya kawo doyarsa coci a tsare shi daga fushin Ulu, mutane suka kai. Obika, ɗan da Ezeulu ke alfahari da shi, ya faɗi ya mutu bayan gudun al'ada na jana'iza da ya yi yana cikin zazzaɓi, hankalin uban ya gushe. Mutanen Umuaro suka yanke cewa Ulu ya goyi bayansu ne a kan mai hidimarsa. Achebe ya rubuta wannan a matsayin ra'ayinsu, bai sa hannu a kai ba.