Wai Shin Wane Ne Mai Asali A Kano?

Mai karatu, don Allah ƙirga min finafinai da littattafan da ka sani waɗanda aka gina a kan magana guda: wane ba shi da asali, don haka ba za a ba shi aure ba. Alhaji ya haɗe rai a falo, Hajiya ta tafa hannu, yarinya ta ruga ɗaki da kuka, sai waƙa. Can wajen ƙarshe sai ga wani tsoho da zobe ko laya, ya tona cewa ai yaron ɗan sarki ne, sace shi aka yi yana jariri. Shi ke nan, a ɗaura aure.

Maimaicin ma da sauƙi. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, a wajen marubutanmu asali yana nufin sarauta ko dukiya kawai. Kuma ban taɓa ganin wanda ya juyo ya tambayi shi Alhajin daga ina kakansa ya zo ba.

A Babban Giji nake zaune, nan Tarauni, kuma a layinmu da wuya ka sami gidan da ba daga wani wuri ya taso ba. Wasu cikin birni ne ya yi musu kaɗan suka fito, wasu aiki ya kawo su, wasu fatauci, wasu farin 1973 ya koro iyayensu daga arewa. Bara wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu. Ranar sadakar bakwai jikarsa, mai karatun littattafan nan ce sosai, ta tambayi garin kakanninta. Wallahi duk gidan aka rasa mai amsa, sai wata gwaggo ce ta ce "daga Faransa", wato Nijar ta zamanin Turawa. Daga baya aka buɗe akwatinsa, sai ga wasiƙun ajami daga Damagaram. To ka ji labari! Daga ƙofar gidan zuwa ofisoshin 'yan fim na Titin Gidan Zoo tafiya ce ta ɗan lokaci, amma har yau zoben ɗan sarki ake ta nema.

Shiga cikin birni ka karanta sunayen unguwanni kawai: Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, Sharifai da ake dangantawa da zuwan Shehu Magili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kowace unguwa littafi ce. Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908 ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, amma wani rubutu na su Wangarawan, Asl al-Wangariyyin na wajen 1650, ya kai zuwan nasu zamanin Rumfa, kusan shekara ɗari tsakani. Ka ga ke nan bincike ba haddar littafi ɗaya ba ne, sai an gwama wannan da wancan. Paul Lovejoy kuwa a littafinsa na 1980 kan fataucin goro ya bi sawun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ta hanyar zama da tsofaffi yana ɗaukar maganarsu. Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955 Ba'agale ne, a Bebeji aka haife shi. Akwai wanda zai ce zuriyarsa ba Kanawa ba ne?

Kayan aikin ba su ɓuya ba. Ga Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Abubakar Dokaji, ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna mai ɗauke da rahotannin haraji na gundumomi. Kafin duk waɗannan ma akwai kakarka: tsagar fuskarta, kirarin gidansu, sana'ar gado, da waɗanda take wasan dangi da su.

Na san abin da ake tsoro. Kowa so yake salsalarsa ta ƙare a Bagadaza ko Yaman. Ba mai son ya tono ya tarar da Bamaguje, balle kakar da aka kamo a yaƙi aka ajiye a gandu. Amma ai Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ji kunyar wannan ba a Shaihu Umar, inda malamin da ake girmamawa ya zauna ya faɗa wa almajiransa yadda aka sace shi aka ƙetara Sahara da shi, har Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. A shekarar ce kuma Alex Haley ya fitar da Roots a Amurka. Masana sun soki ingancin wasu hujjojinsa, duk da haka ya sa dubban mutane neman kakanninsu.

Ita dai jikar maƙwabcin namu ta sami wani malami a Gyaɗi-Gyaɗi yana karanta mata wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. An ce a ta uku har da sunan wata ƙanwa da dattijon ya baro a can, wadda ko 'ya'yansa ba su taɓa jin labarinta ba.